Ni Na Ƙirƙiro Likitan Da Ya Ce Keke Na Hana Haihuwa

Anti Admin, barka da aiki. Ina gaishe ki, ina gaishe da duk mutanen wannan fili, Musulmi da Kirista, har da masu karantawa su wuce ba su ce uffan ba, ku ma na gan ku. Don Allah a ɓoye sunana, a ɓoye lambata, domin a unguwarmu ko tari na yi a bayan katanga an san ni ne. Masu zagi kuma ku ɗan dakata ku karanta har ƙarshe. Na riga na zagi kaina zagin da in na rubuto shi a nan Admin za ta kore ni daga filin. Shawara nake nema, kuma kafin ranar Asabar nake nemanta.

Ni direban Napep ne a Kaduna, a Narayi nake zaune. Duk wanda ya taɓa shiga Napep ɗina ya san ba na kunna rediyo, ni ne rediyon. In na ɗauke ka a Narayi, kafin mu kai gada na ba ka labarin gari, na ba ka na ƙasa, na ƙara maka da wanda bai faru ba tukuna. Ina ƙara gishiri, ban musa ba. In kare ya ciji mutum a Barnawa, kafin in kai labarin Kakuri ya zama kura. Fasinja su yi dariya su manta da zafi da ramukan hanya, ni ma raina ya yi fari. Ban taɓa zaton wannan bakin nawa zai girgiza gidan mutum ba. Kuma gidan wa? Gidan aminina.

Bari in kira shi Bulus, ba shi ne sunansa ba. Ƙauyenmu ɗaya, tare muka shigo Kaduna da leda ɗaya ta kaya. Ni ne abokin ango ranar da ya auri matarsa, ita kuma mu ce Saratu. Yana aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a cikin gari, tsallaken kogi, shi ke ba da kati. Kafin korona, kullum ƙarfe shida da rabi na safe yana bakin layinsu yana jirana, shi da wasu maza uku 'yan layin. Lodina na farko ke nan, ba kiran fasinja, ba jira. Bulus a gaba kusa da ni, tumbinsa ya cinye rabin kujerata, muna tafe ina tsokanarsa yana ramawa har mu tsallaka gada. Shekara da shekaru haka muke.

Sai ga kulle. Mutanen Kaduna kun san yadda aka yi, ba sai na tuna muku ba. Aka ce kowa ya zauna a gida, Napep da acaɓa kar a ga ƙeyarsu a titi. Na ajiye Napep a tsakar gida har kazar maƙwabciyarmu ta yi ƙwai a kujerar baya, ta ƙyanƙyashe, 'yan tsakin suka girma suna ɗauka ni ne baƙo a wurin. Shi kuwa Bulus ma'aikacin asibiti ne, an ba shi takardar wucewa, sai dai takarda ba ta da taya. Kwana uku ya taka da ƙafa daga Narayi har cikin gari, ya dawo ƙafafunsa sun kumbura kamar doya. Shi ne surukarsa, maman Saratu, da ke zaune a Unguwar Boro, ta ce ai ga keken marigayi mijinta can rataye a sito tun rasuwarsa. Baƙin keke irin na da, mai nauyi kamar ƙofar shago, da ƙararrawarsa. Bulus ya tura shi har Makera wurin wani dattijo mai gyaran keke, Malam Isa, aka canza taya, aka zuba wa sarƙa mai, keke ya tashi.

Ranar da na fara ganinsa a kai sai da na zauna a ƙasa don dariya. Na ce, "Bulus, kai ke tuƙa keken nan ko shi ke tuƙa ka?" Yana haki kamar an biyo shi, ya ce, "Yi dariyarka, mutumina. Ni dai ina da wurin zuwa, kai kuma koma ka ba kajinka dawa." Na ce a raina, bari a buɗe gari, da kanka za ka dawo kana lallashina.

Aka buɗe gari. Amma wane irin buɗewa? Fasinja biyu kacal a baya, kowa da takunkumi, ba zama a gaba. Dole kuɗin mota ya hau, mutane suna zaginmu kamar mu muka shigo da cutar a aljihu. In wani ya yi atishawa a cikin Napep, ɗayan sai ya dira tun ban taka birki ba. Na je layin su Bulus shida da rabi kamar yadda na saba, na yi hon, na sake yin hon, ba kowa sai akuya. Da yamma na tare shi na ce, "Oga, an buɗe fa, ko labari bai iso ka ba?" Ya ce, "Ya iso. Amma ka yi haƙuri, ni da keke yanzu mun saba. Ba na jiran kowa, ba wanda ke yi mini tari a wuya, barci nake yi kamar jariri." Na duba, wallahi tumbin nan da na sha wahalarsa shekaru ya tafi ko sallama bai yi mini ba. Sauran ukun kuma, ɗaya ya gane ashe shagonsa tafiyar ƙafa ce, biyu suka sayi kekuna na gwanjo suka bi Bulus. Kafin wata biyu sun zama rundunar kusan mutum goma, suna haɗuwa a mahaɗar Narayi da safe, su jera su tafi suna buga ƙararrawa kamar masu rakiyar amarya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gada. Kun san gosulon safe a wurin. Ina tsaye a tsakiya, hayaƙin tirela yana shiga mini ta ƙarƙashin takunkumi, fasinja biyu suna ta tsaki a bayana, sai in ji ƙirrin-ƙirrin ta gefe. Bulus ne, shi da mutanensa, suna silalewa ta bakin hanya. Wata rana har ya rage gudu ya leƙo ya ce, "Direba, in aiko maka da abincin rana nan wurin, ko kana ganin za ka tsallaka kafin azahar?" Fasinjojina suka fashe da dariya. Ni da nake sa gari dariya, yau ni ake wa. Wasa ne, na sani, irin wanda na yi masa sau dubu. Amma mutumin da yake zagaye gari rabin Napep ɗinsa iska ce, wasa ba ya yi masa daɗi kamar da.

To ga inda na yi ɓarnar. Wata Alhamis da la'asar na kai wani fasinja unguwar Sabo, a dawowa na ɗauki mata biyu da suka fito daga koyon waƙa na zumuntar mata a coci, da zanensu iri ɗaya, kowace ta rufe fuska da takunkumi, ɗaya dattijuwa ce mai tabarau da igiya a wuya. Ni ma takunkumi, ga hular rana na ja har gira. Muna tafe sai wasu mutum biyu suka wuce mu a keke. Ƙaramar ta ce, "Kai, mazan nan sun yi dabara. Ni ma na ce wa maigidana ya sayi keke ya huta da 'yan Napep ɗin nan." A cikin Napep ɗina! A bayan ƙeyata! Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Hmm, Madam, in dai kin gama haihuwa, to ki bar shi ya saya." Ta ce, "Kamar yaya?" Na ce, "Ni dai ba na son in tayar wa mutane da hankali, amma jiya na ɗauki wani babban likita, daga ƙasar waje ya dawo, da jakarsa ta fata, motarsa ce ta lalace. Da ya ga masu keken nan sai ya riƙe kai. Ya ce sirdin keke yana dafa ƙwayoyin haihuwar namiji kamar ƙwai a tukunya. Ya ce a can inda ya fito an daɗe da sanin haka, shi ya sa ba su da yara." Ba likita, ba jaka, ba komai. A take nake ƙera shi, har gemu na sa masa.

Ƙaramar ta ce, "Yesu!" Dattijuwar ba ta yi dariya ba, ba ta yi ihu ba. Ta matso ta ce a hankali, "Ɗana, ko da mutum bai daɗe da fara hawa ba?" A nan ne ya kamata in ce Mama wasa nake yi. Ƙofa ce Allah ya buɗe mini, na sa ƙafa na rufe ta. Na ce, "Mama, wata uku ma ya isa." Ta ce, "In ya daina fa?" Na ce, "In ya daina da wuri, likitan ya ce akwai dama." Na sauke su a Unguwar Boro. Ni kuwa na tafi ina jin daɗi, na ce ko ba komai na hana mutum ɗaya sayen keke.

Jama'a, ban san gudun ƙarya ba sai a kan wannan. Cikin sati biyu labarin ya zama saƙon murya yana yawo a wayoyin mata. Ya dawo mini cikin Napep ɗina, fasinja suna ba ni shi kamar sabo. Likitana ya samu ƙarin girma, yanzu farfesa ne. An ce akwai wani a Mahuta da ya hau keke wata shida matarsa ta kai shi ƙara. Wata ta rantse mini ƙanwar maƙwabciyarta ta ga likitan da idonta. Mata suka fara sace wa kekunan mazajensu iska, wasu suka ɓoye famfo. Biyu daga cikin 'yan lodina na safe suka dawo, suna sunkuyar da kai, kowa ya ce wai gwiwa ke damunsa. Na ce, "Sannu, gwiwa ba ta da kyau," ina danne dariya. Na bi ta Makera wata rana Malam Isa ya tsayar da ni, ya ce, "Direba, kai da kake zagaya gari, wane likita ne wannan da ya kashe mini kasuwa? Da gyara ake kawo mini, yanzu kowa sayarwa yake so. Jiya wani ya zo wai in ɗaura masa filo a kan sirdi. Na ce Alhaji, keke ne ko gado?" Na yi dariya har da hawaye. In faɗa muku gaskiya, a lokacin ina ji da kaina. Ni kaɗai na girgiza kudancin Kaduna da baki, ba gwamnati, ba sanarwa.

Abin da ban faɗa muku ba, kuma na san shi sarai tun kafin in buɗe baki, shi ne Bulus da Saratu shekararsu huɗu da aure ba haihuwa. Kuma kun san mutanenmu, in ba a haihu ba wa ake kallo? Matar. Dangin Bulus sun yi gunaguni, sun yi habaici, wata gwaggonsa ta taɓa zuwa Kirsimeti ta ce gidan ya yi tsit kamar ofis. Saratu ta sha saiwa, ta sha ganye, ta yi azumi, ta je addu'a duk inda aka ce akwai. Bulus bai taɓa ɗaga mata murya a kan wannan ba, shi dai cewa yake lokacin Allah ne. Ban yi nufin labarina ya je gidansu ba. Amma ni wane ne da zan saki abu a gari in ce masa ga gidan da za ka tsallake?

Wata Asabar da hantsi Bulus ya kira ni ya ce in zo da Napep yanzu-yanzu. Na isa, tun daga ƙofa nake jin murya. Na leƙa, sai ga dattijuwa tsaye a tsakar gida ta riƙe kan baƙin keken nan, tabarau da igiya a wuya. Ashe maman Saratu ce na ɗauka ran nan! Sau biyu na taɓa ganinta a rayuwata, ranar biki cikin taro da wata rana a jana'iza, ina zan gane ta a cikin takunkumi? Tana cewa, "Da kunnena na ji, ba a waya ba. Direban da ya ɗauki likitan shi ya gaya mini. Shekara huɗu danginka suna cin naman 'yata, ashe matsalar tana ƙarƙashinka kana zaune a kai!" Bulus ya ce, "Mama, don Allah ki yi lissafi. Bara na fara hawan keken nan. Shekara ukun farko fa, a kan me nake zaune? Kuma Baba shekara talatin ya yi a kan wannan keken, ya haifi tara. Tara, Mama! Saratu ce ta bakwai!" Ta ce, "Lokacin titi yana da kyau, babu ramuka. Kuma jikin mutanen da ba irin naku ba ne." Saratu tana zaune a bakin ƙofar kicin ta haɗa kai da gwiwa.

Bulus ya juyo ya ce, "Mutumina, ɗauki keken nan ka kai mata gida tunda nata ne." Mama ta ce, "A'a, abokin ango ne? Sannu ɗana, kwana biyu." Na buɗe baki zan amsa sai na tuna muryata. Na nuna maƙogwaro, na yi ɗan tari, na ce cikin raɗa, "Mura." Ta ja baya taku uku ta gyara takunkuminta, ta ce in je a gwada ni. Haka na ɗaura keke a saman Napep, na ɗauke ta har Unguwar Boro, ni da ba na iya minti ɗaya shiru, ban ce ko a ba. Ita kuma duk hanya tana ba ni labarin direban nan mai albarka. Wai yaro ne mai surutu, dariyarsa kamar an tayar da janareta, in ta sake jin muryarsa ko a cikin kasuwa za ta gane shi. Wai Allah ne ya aiko mata shi. Tana sa mini albarka a bayana, ni ina zufa a gaba kamar an zuba mini ruwa.

Na ɗauka shi ke nan, keke ya tafi, Bulus zai dawo Napep, ƙura ta kwanta. Ban san taurin kan abokina ba ke nan. Ranar Litinin ya je ya sayo wani keken na gwanjo. Ya ce in ya daina hawa ya amsa laifin da bai yi ba, gobe duk Narayi za a riƙa nuna shi ana cewa ga wanda ya dafa kansa. Saratu kuma ta ce ita ta sha ɗaci shekara huɗu ba ta ce uffan ba, shi abu ɗaya aka ce ya bari don su gwada, ya zaɓi ƙarfe a kanta. Kowa a cikinsu in ka saurare shi sai ka ce shi ke da gaskiya. Ya karɓo magana daga likitan asibitinsu cewa hawan keke zuwa aiki ba ya hana kowa haihuwa, kuma in suna so su zo su biyun a duba su yadda ya kamata. Mama ta ce ai ogansa ne, dole ya rufa masa asiri, kuma shi wannan bai je ƙasar waje ba. Likitan gaske, mai takarda a bango, ya sha kaye a hannun likitan da na ƙera tsakanin Sabo da Unguwar Boro! Gwajin ma yanzu Bulus ya ce ba zai yi ba, wai in ya je kamar ya yarda ne. Yau sati uku Saratu tana gidan mamanta.

Kar ku ce ban yi ƙoƙarin gyarawa ba. Na yi. Duk fasinjan da na ɗauka sai in ce, "Kun ji an kama likitan nan? Ashe ɗan damfara ne, ko makaranta bai gama ba." Wata mata ta ce, "Kai dai tuƙa Napep ɗinka, kai likita ne?" Wani ya ce masu sayar da keke ne suka biya ni. Ni! Na ce wa wata, "Madam, na rantse miki babu wani likita," ta ce, "Ka san shi ne da za ka ce babu shi?" Me zan ce mata? Ƙaryar ta yi ƙafa, ta yi gida, ta yi dangi, ni da na haife ta ma ba ta gaishe ni. Wannan wane irin gari ne da in ka faɗi shirme kowa ya karɓa hannu biyu, in ka zo da gaskiya a ce kawo shaida?

Kuma abin haushin, a cikin raina na san keken nan bai yi wa kowa laifi ba. Ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, Bulus yana riga ni isa cikin gari, hawan jinin da ake tsorata shi da shi ya sauka. Mu da muke cikin Napep daga safe zuwa yamma, in muka tofa yawu baƙi ne. Lokacin kulle na taɓa takawa har bakin gada ranar da aka ba da damar sayen abinci, na ji kukan tsuntsaye a wurin da ban taɓa jin komai ba sai hon. In ma akwai abin tsoro a keke a garin nan, to manyan motoci ne da ke matse su a bakin kwalta don ba a ware musu hanya ba. Da wannan na faɗa wa matan nan, da gaskiya na faɗa. Amma a'a, sai da na nemo wurin da ya fi zafi a jikin namiji da zuciyar mace na soka.

Shekaranjiya Saratu ta tare ni a bakin titi. Ta rame, zoben hannunta har juyawa yake. Ta ce, "Yaya, kai ne ka tsaya mana ranar aure. Ni ba keken ne ya dame ni ba, ban ma sani ba ko gaskiya ne ko ƙarya. Amma karo na farko ke nan da aka ce wataƙila ba ni ba ce, na yi barci ranar. Ka gane? Na yi barci." Ta share ido ta ce Mama ta ce a roƙe ni, tunda na san 'yan Napep, in nemo direban nan ya kai su wurin likitan, ko akwai maganin da zai ba Bulus. Na ce to. Me zan ce in ba to ba?

Jiya kuma Bulus ya zo tasha, ya jingine kekensa, ya shiga bayan Napep ɗina ya zauna kamar fasinja, ba inda za mu. Ya ce dattawan ikilisiya sun kira zama ranar Asabar da safe, dangi biyu za su zo, kuma ni dole in zo in yi magana a matsayina na abokin ango. Magana, jama'a. Da baki, a gaban Mama, kuma yanzu ba wanda zai yarda mura ta yi wata guda. Sannan ya ce, "Ka taimake ni ka nemo mini direban nan kafin ranar. Kai ka san su duka." Na ce, "Napep nawa ne a Kaduna, Bulus?" Ya yi 'yar dariya ya ce, "An ce mai surutu ne, mai dariya kamar janareta. Wallahi da ba don na san ka ba da na ce kai ne." Na yi dariya ni ma, amma a hankali, ta hanci. Na ce, "In na samo shi me za ka yi masa? Kar ka je ka yi kisa." Ya juya yana kallon titi. Sai ya ce, "Ba zan taɓa shi ba. So nake ya tsaya a gaban Mama ya ce ƙarya ya yi, matata ta dawo, mu je asibiti mu biyu ba don an ci ni da yaƙi ba. Sannan in tambaye shi abu ɗaya. Me na yi masa?"

Ban iya cin abinci ba tun lokacin, ni da ko zazzaɓi ba ya raba ni da tuwo. Na yi tunanin in samo wani a tasha in koya masa maganar ya je ya amsa laifin, amma Mama za ta ce ba muryar ba ce, kuma ƙarya ce a kan ƙarya. Na yi tunanin in kashe waya in tafi ƙauye sai bayan zaman, amma in aka tashi ba sulhu, dangin Bulus sun riga sun fara cewa a bar ta ta zauna can, auren zai mutu ina ɓoye a gona. In kuma na miƙe na ce ni ne, wataƙila Saratu ta koma ɗakinta, amma na mayar mata da kayan da ta sauke, a sake cewa ita ce. Bulus kuma, mutumin da muka shigo garin nan da leda ɗaya, zai kalle ni a gaban dattawa ya yi mini tambayar nan, kuma amsar da nake da ita kawai ita ce ya yi mini ƙararrawa a gada mutane sun yi dariya.

Anti Admin, mutanen fili, in faɗa wa Bulus shi kaɗai tun yau, ko in jira Asabar in faɗa a gaban kowa, ko akwai wata hanyar da za a ceci auren nan ba tare da na rasa shi ba? Na iya magana, duk Narayi sun shaida, amma wannan ban san ta inda zan fara ba. Kwana biyu suka rage. Don girman Allah, ku gaya mini, me zan yi?